Farfelar Motata da Bilya Ya Cire

Zulkifilu Sada,
Malamin Gona (mai ritaya),
Layin Bayan Kasuwa, Ikara,
Jihar Kaduna.

Litinin, 25 ga Agusta, 2025.

Zuwa ga:
Alhaji Ashafa Zakiyyu,
Shugaban Kwamitin Ladabtarwa,
Ƙungiyar Zumuntar Makanikai da Masu Walda
ta Garejin Ƙarƙashin Ɗorawa,
Makarfi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN ƊAN ƘUNGIYARKU MALAM BILYA, MAI KIRAN KANSA INJINIYA, BISA CIRE FARFELAR GABA TA MOTATA BA DA SANINA BA, DA ABIN DA HAKAN YA JAWO

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ban girma gare ka da sauran dattawan kwamiti, tare da fatan kuna lafiya, damina kuma tana tafiya yadda ake so, ina neman izini in gabatar da kukana a gabanku. An shaida mini cewa ƙungiyarku ba ta son a kai ɗanta gaban hukuma kafin a zo gabanta. Na girmama wannan tsari, shi ya sa takardar nan ta fara zuwa hannunka.

Kafin in shiga ƙorafin, ya kamata kwamiti ya san dalilin sayen motar. Mahaifina, Malam Sada, dattijo ne da ya haura tamanin, yana zaune a ƙauyenmu Rafin Gora, cikin gundumar Kurmin Kogi. Yana da ciwon suga, kuma tun bara wani gyambo ya kama shi a tafin ƙafar hagu. Likitoci sun ce a riƙa kai shi wankin ciwon a kan kari, sun kuma ja kunnenmu kada ruwa ko ƙasa su taɓa wurin. Tsakanin ƙauyenmu da titi akwai fadama da mashigin rafi, waɗanda in Agusta ta yi ƙaramar mota ba ta ko tunkararsu. Na roƙe shi ya tare gidana a Ikara har damina ta wuce, ya ce shi ne limamin masallacin ƙofar gida tun kafin a haife ni, ba zai bar mutane su riƙa neman mai jan salla yana da rai ba. Wanda ya san dattawanmu ya san maganar ta ƙare daga nan. Sai na sayar da gonata ta fadama, na je Kaduna ranar 14 ga Mayu na sayo tsohuwar mota mai ja da ƙafa huɗu. Kafin in karɓe ta sai da na sa aka shigar da ita cikin yashi, aka sa mata giyar ƙafa huɗu, na ga tayoyin gaba suna haƙa da idona. Ba don kyau na saye ta ba, domin ba ta da shi.

Ga abubuwan da nake ƙorafi a kansu:

1. Ranar Litinin, 19 ga Mayu, na kai motar rumfar Malam Bilya a garejinku, bisa shawarar wani da har yanzu muke gaisawa saboda zumunci kawai. Na gaya masa abin da nake so da Hausa, a gaban mutane, sannu a hankali: tayoyi masu manyan haƙora irin na taɓo, da tayar ko-ta-kwana, da sabon birki, da batir, da gyaran ƙafafu don kada ta riƙa jijjiga mara lafiya, da matakala ƙasa-ƙasa a ƙofar baya yadda tsoho zai taka ya shiga. Na gaya masa labarin mahaifina, na gaya masa labarin rafin. Ya dafa ƙirji ya ce in ɗauka mahaifinsa ne. Ban san yadda yake yi wa nasa mahaifin ba, Allah ya ba shi haƙuri.

2. Ya ce in dawo kafin Babbar Salla. Sai bayan Salla da kwanaki na samu motar, kuma da na shiga garejin na wuce ta ban gane ta ba. Ranka ya daɗe, na kai mota asibiti, aka dawo mini da ita an yi mata kwalliyar zuwa biki. An dasa mata fitilu a kan rufi jere a jikin wani ƙarfe mai fentin azurfa. An liƙe gilasanta da baƙar leda, har ba na ganin madubin gefe in la'asar ta yi. An rataya labule mai geza, an shimfiɗa wani jan gashin roba a gaban sitiyari kamar an yanka rago an bar fatar. An kafa eriya doguwa wadda ba ta haɗe da komai, domin motar ba ta da rediyo. An cire ham ɗinta na mutunci, wato odar da ake dannawa a ba da hanya, an sa wani mai kiɗa, wanda in ka taɓa shi sai ya kai ƙarshen waƙarsa ko da gaban makabarta kake. A gilashin baya kuma an manna sunansa da lambar wayarsa, da harufan da suka fi lambar motar girma.

Na nuna rashin jin daɗina nan take. Ya ce wannan duk ihsani ne daga gare shi, mota irin wannan ba a barinta tsirara, mutanen ƙauye ma su san ɗansu ya yi mota. 'Yan garejin suka taru suna yaba aikin. Na karɓi makulli, domin washegari ranar wankin ciwo ce, ba ni da lokacin gardama a kan labule. Don kada in zalunce shi, ina shaida wa kwamiti cewa tayoyin da birkin da batirin ya sa su. Matakalar kuwa ya kafa ta sama har sai mai lafiya ya ɗaga gwiwa, ya ce ta fi kyau a haka. Da turmi muke tara wa tsohon yake takawa.

3. A watannin Yuni da Yuli hanya ba ta ɓaci ba, motar tana wucewa ba tare da an nemi ƙafa huɗu ba. In na gwada sandar giyar tana shiga, fitilarta tana kamawa a gabana, babu abin da zai sa mutum ya yi zargi. Ranar Talata, 12 ga Agusta, bayan an kwana biyu ana ruwa ina can ƙauye da motar, na ɗauko mahaifina da safe tare da ƙanwata Aishatu da ke jinyarsa. Muka iso mashigin, na ga ruwan bai kai gwiwa ba, na tsaya na sa giyar ƙafa huɗu, fitila ta kama, na yi bisimilla na shiga. Muna kaiwa tsakiya tayoyin baya suka fara juyawa a wuri ɗaya suna tona wa kansu rami. Na leƙa ta taga ina taka mai, na ga tayar gaba a tsaye cik, ko motsi ba ta yi. Na fitar da giyar na sake sawa, na yi baya, na yi gaba. Motar ta zauna a kan cikinta.

Ruwa kuma yana ƙaruwa, domin an yi shi sosai ta sama. Da ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, dole a fitar da tsohon. Maƙwabcinmu Malam Uwaisu, wanda ke kan hanyar gonarsa, shi ya shigo ya goya shi. Mun naɗe ƙafar da leda, Aishatu tana riƙe da ita sama, amma ƙasan rafin santsi ne. Malam Uwaisu ya zame ya durƙusa, ƙafar ta nutse cikin jan ruwan nan har ƙauri, ledar ta tafi. Mahaifina hularsa kawai ya riƙe, yana kallon mutanen da suka taru a gaɓa, waɗanda jiya-jiya suke bayansa a sahu, yau suna kallonsa a goye kamar yaro.

Ina so kwamiti ya san cewa ana cikin wannan hali ruwa ya taɓa wayar ham ɗin nan, ya kama kiɗa shi kaɗai, bai daina ba sai da na cire kan batir. Shanun noma biyu na Malam Uwaisu ne suka jawo motar waje da igiya, da fitilunta da labulenta da eriyarta. A amalanke muka ƙarasa da tsohon bakin titi, abin da na sayar da gona don kada ya sake faruwa.

4. Washegari na sa aka jawo motar zuwa garejinku, ina zaton wani abu ne ya karye. Malam Bilya ko sunkuyawa bai yi ya duba ba. Yana zaune a kan benci yana shan shayi ya yi dariya, ya faɗi maganar da zan kawo yadda ta fito daga bakinsa, domin Malam Salman mai walda da wasu mutum biyu suna wurin: "Haba Yallaɓai, ai babu abin da ya lalace. Ni na cire maka farfelar gaba. Fowil ɗin nan, ƙafa huɗun nan, mai kawai yake sha, ga ƙara, ga cin taya. Duk motar da ta shigo hannuna haka nake mata, ba wanda ya taɓa dawowa. Taimakonka na yi."

Ranka ya daɗe, kai ka fi ni sanin mece ce farfelar gaba, amma saboda takardar nan tana iya zuwa hannun da ba na makanikai ba, bari in faɗa: ita ce sandar ƙarfen da ke ƙarƙashin mota, mai kai ƙarfin inji zuwa tayoyin gaba. In babu ita, giya za ta shiga, fitila za ta kama, amma tayoyin gaba 'yan rakiya ne. Wato abu ɗaya tilo da ya sa na zaɓi wannan mota na bar sauran, shi wannan bawan Allah ya kwance ya ajiye, kuma bai ga ya kamata ya gaya mini ba. Na tambaye shi ko ya manta da labarin rafin. Ya ce bai manta ba, shi ya sa ya sa mini tayoyi masu haƙora, kuma da na shiga da gudu da na wuce, matsalar hannun direba ce. Na yi shekara talatin ina tuƙa motar ma'aikatar gona a fadamun Ikara da Kudan, tun yana rarrafe. 

Na san ba shi ya ƙirƙiro wannan ɗabi'a ba. Na ji ana cewa haka ake yi wa motocin 'yan birni masu hawa kwalta daga gida zuwa ofis, su ma da yardarsu. Amma mai gyaran da bai iya bambanta motar yawon gari da motar da za ta tsallaka rafi da mara lafiya ba, bayan an zaunar da shi an yi masa bayani, ban san abin da ya koya a shekarun da ya ce ya yi a Legas ba. Allon da ke ƙofar rumfarsa ya ce Injiniya. Mai fenti ne ya ba shi wannan digiri, kuma ko shi ya kuskure harafi ɗaya.

5. Na ce to, a ɗauko farfelar a mayar. A nan ne shayin ya ƙare. Ya ce sai ya duba, ya shiga rumfa ya fito, ya tambayi wannan ya tambayi wancan, ya ce wataƙila tana gida. Malam Salman ne, da ya ga abin ya ishe shi, ya kama hannuna ya zagaya da ni gefen motar, ya nuna mini ƙarfen nan mai fentin azurfa da fitilun ke jere a kai. Ya ce Bilya ne ya kawo masa wani bututu ya ce ba shi da amfani, a yanke kawunansa biyu, a tsaga shi a ƙara da wani, a yi maratayin fitilu. Ya rantse bai san daga motar aka ciro shi ba, na kuma yarda da shi, domin da ya ji abin da ya faru a rafi sai da ya zauna a ƙasa. Ba na ƙorafi a kansa.

Ashe tun watan Yuni nake yawo da farfelata a kan rufin mota, an yi mata fenti. Ranar da muke tsakiyar ruwa ina taka mai ina addu'a, tana bisa kaina tana riƙe da fitilun da ban taɓa kunnawa ba. Kawunan biyu da aka yanke kuwa, Malam Bilya ya ce 'yan jari-bola sun kwashe su tare da sauran tarkace, ya faɗe shi kamar mai ba da labarin ɓawon gyaɗa.

6. Ban zauna jiransa ba. Na nemi wata farfelar a Zariya, na je Kano, na yi waya Kaduna. Motar tsohuwar ƙira ce, farfelarta iri-iri ce, wata ta fi wata tsawo, wata bakinta daban. Ko'ina na je magana ɗaya ce, wadda kowane ɗan ƙungiyarku ya sani: kawo tsohuwar mu gwada. Da samfur ake sayen kayan mota a ƙasar nan. Na ɗauko ɗaya bisa ƙiyasi ta ƙi zama, na mayar. Na koma wurin Malam Bilya ranar 20 ga wata in ce ya bi ni Kano, tunda shi ya ga ƙarfen da idonsa, ya riƙe shi da hannunsa. Ya ce aiki ya yi masa yawa, in bari bayan damina, lokacin ma hanya ta bushe ba na buƙatarta. Ya ƙara da cewa in ina so zai rage mini kuɗin fitilun. A lokacin yana manna baƙar leda a gilashin wata motar irin tawa, ban san ko ta wane ne ba, ban kuma san abin da ya rage a ƙarƙashinta ba.

7. Na bar wannan a ƙarshe domin shi ne ba na son rubutawa. Ruwan da ya shiga ciwon ya yi aikinsa. Kwana biyu bayan abin da ya faru ƙafar ta kumbura ta canza launi, aka tura mu Zariya, likitoci suka yanke wa mahaifina yatsu biyu. Da aka sallame shi ya ƙi tsayawa Ikara, a amalanke aka mayar da shi gida. Yanzu wani ma'aikacin lafiya ne ke tattaki yana zuwa wanke masa. Likitan ya ce lallai a dawo da shi ranar Talata, 9 ga Satumba, a duba ko abin ya tsaya, in kuma aka yi sakaci ya haura, maganar ba ta yatsu ba ce kuma, daga gwiwa za a yi ta.

Mahaifina ya ce ba za shi ba. Bai yi faɗa ba, bai ambaci sunan kowa ba. Cewa ya yi an goya shi sau ɗaya a gaban jama'arsa, ya isa, ba za a sake ɗora shi a bayan mutum ko a bayan shanu ba, in mota za ta iya ɗaukarsa daga ƙofar gida ta tsallake da shi to, in ba za ta iya ba a bar shi da Allah. Aishatu ta yi kuka, ni na yi magiya, abokansa sun sa baki. Na nemi hayar wata mai ƙafa huɗu, masu ita suka ji sunan mashigin suka ce sai ruwa ya janye. Rafin kuwa sai ƙarshen Satumba yake sauka.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon kwamiti:

(a) Ya tilasta wa Malam Bilya ya ajiye ledarsa da gezarsa, ya tafi duk inda ake samun farfelar nan, Kano ko Legas ko inda ya ga dama, ya kawo wadda ta dace kafin ranar 5 ga Satumba. Ƙungiyarku tana da mutane a kowace kasuwar kayan mota, abin da zai ɗauke ni wata guda ku waya ɗaya ce.

(b) Wani makaniki daban, wanda kwamiti ya amince da hankalinsa, shi zai ɗaura ta. Hannun Malam Bilya ya gama taɓa motata. A sauke fitilun da ham ɗin da labulen a mayar masa da kayansa, a kankare sunansa daga gilashina, a sauko da matakalar inda na ce.

(c) A gwada motar a mashigin Rafin Gora, ba a filin gareji ba, a gaban wakilin kwamiti, kafin in sa mahaifina a ciki. Ina so Malam Bilya ya kasance a wurin, a tsaye cikin ruwan, ya ga yadda tayar gaba take juyawa, tunda da alama bai taɓa gani ba.

(d) Tunda da bakinsa ya ce duk motar da ta shiga hannunsa haka yake mata, a sa shi ya faɗi masu motocin, a sanar da su. Wani yana can yana tuƙi da fitila a kunne a gabansa, yana zaton yana da abin da ba shi da shi.

Ba na neman diyya, ba na neman a zo a ba ni haƙuri a rumfa a sha shayi a tashi. Yatsun biyu sun riga sun tafi, an binne su a bayan gida, ba na so a sa su cikin abin da za ku tattauna. Ƙafar ce ta rage, kuma har yau da nake rubutun nan tana jikinsa. Da ita yake dogarawa ya tashi in an kira salla, ko da yake a zaune yake yinta yanzu, a sahun baya, wani yana ja. In ranar 9 ga Satumba ta zo motar ba ta tsallaka ba, ni na san ba zai fito ba, kuma ba zan ɗaure mahaifina in ɗora a amalanke ba.

Ina jiran amsarku kafin ƙarshen makon nan. In ban ji komai ba, zan ɗauka kwamiti ya ba ni izinin kai maganar gaba, kuma ba zan ji na yi muku rashin kunya ba.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci, ya sa ku gama da iyayenku lafiya.

Naka cikin girmamawa,

Zulkifilu Sada
Ikara.